Wai Ba Ruwana da Layin Bayanki

Zuwa ga 'yata abin alfaharina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ke da mijinki da ɗan maigidana sabon zuwa. Mu nan lafiya lau, sai babanki da gwiwar nan tasa, sai Auta da mura. Ni jikina garau, zuciyar ce ta ƙi zama. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san da furfura na kama alƙalami.

Jiya surukarki ta kira ni. A bakinta na fara jin cewa fatar jaririn tana yin ƙuraje masu ruwa tana saɓulewa, kuma ita ta raka ki wurin likitan fata, a cinyarta aka duba shi. Ta ce likita ya ce tushen abin shi ne layin nan mai kaushi da ke bayanki. Wai tun kina cikina wani yanki na jikinki ya sauya, sauran bai sauya ba, kamar faci a riga. Ke ya tsaya miki a layi ɗaya, shi kuwa ya ɗauko shi duk jiki. Har tana lallashina, wai ba a wurina kika gada ba, in kwantar da hankali, ba ruwana.

Ba ruwana! Ni da nake shafa wa layin nan mai tun cibiyarki ba ta faɗi ba. Na san inda ya lanƙwasa ƙarƙashin haƙarƙari, na san sabulun da ke tayar da shi. Ita yaushe ta taɓa ganinsa? Amma ga ta tana yi min bayanin faci kamar ita ta ɗinka ki. Ban ce ba ta kyauta ba, Allah ya saka mata. Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ta ce Litinin ta sama za a koya muku yadda ake yi masa wanka da naɗe fatar. Ina so hannuna ya koya. Kawunki direba zai tashi Alhamis, ya ce akwai wuri a gaba. Amma ba zan tako ba sai kin kira ni.

Babanki da Auta da gwaggonki suna gaishe ku. Ki gaida surukarki, tunda dole. Ki ba ni amsa kafin Laraba, da bakinki, ba ta wayarta ba.

Ni ce mahaifiyarki.