Mai Koriyar Alkyabba

Morrisania, Bronx
Alhamis

Fusena tawa,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya jikin Mma? Allah ya ƙara sauƙi. Ya mutanen Kumasi? Mu nan ƙalau, sai kewarki.

Albishirinki! Najat ta ce in raka ta unguwa. Ni fa, babanta, wanda in na yi mata Hausa sai ta jefo mini Turanci kalma biyu ta wuce. Kin san yadda abin nan yake ci mini rai. Ina tsoron in tsufa ni da 'yata ba mu taɓa hira ba.

Kin tuna tsofaffin jaruman robar nan da ta jera a ɗakinta, masu damatsa da alkyabba, waɗanda nake kira shirme? Ashe sa'annina ne, kuma saura ɗaya su cika, mai koriyar alkyabba. Ranar Asabar masu tara irinsu za su ci kasuwa a Brooklyn, ta ji wani tsoho zai zo da shi. Wai ita ba ta iya ciniki ba. To, ta zo gidan ciniki! Zaman da na yi ina sayar da jakunkuna a Canal Street zai yi rana. Har na goge takalmina.

Ki gaida kowa.
Mijinki,
Braimah

Lahadi

Fusena tawa,

Ina gaisuwa, ya mai jiki? Na yi ɓarna, amma bakina ya ƙi rufuwa.

Mun sami mai koriyar alkyabbar a cikin kwalinsa, ba a taɓa buɗewa ba. Najat ta kafa masa ido. Tsohon ya faɗi kuɗi, na taya rabi, ya girgiza kai. Sai na yi abin da kowa ya sani: na kushe kwalin, na ja hannunta muka juya, ina jira ya kira mu. Fusena, mutumin nan bai kira ba! Kafin in waiga, wata mata ta biya ta jefa shi a jaka.

A jirgin ƙasa muna dawowa, Najat ta buɗe mini wuta. Da yake ba ta son fasinjoji su gane, da Hausa ta yi. Hausar zangon Kumasi tsantsa, muryarki sak! Ta ce nan ba kasuwar Kejetia ba ce, ta ce taurin kai gare ni, ta ce ban taɓa tambayar ta abin da take so ba. Wannan ta ƙarshen ta soke ni, don gaskiya ce. Ina hawaye ina murmushi, abin ya ƙara tunzura ta.

Yau da safe na ƙwanƙwasa ƙofarta, na roƙe ta ta koya mini jaruman nan ɗaya bayan ɗaya, don in san wanda zan shiga nema. Ta buɗe ƙofar. Sannan ta ce in shigo in zauna, amma kada in taɓa komai. Wannan karon ba fasinja ko ɗaya, kuma da Hausa ta faɗa.

Allah ya dawo mana da ke lafiya.
Naki,
Braimah