Kwamfuta Ta Tashi

Chanchaga, Minna
9 ga Yuli, 1996

Zuwa ga maigidana, Baban Sharifa,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Yaya Zariya, yaya kwas, yaya ciwon bayan nan naka? Mu lafiya lau, Sharifa kullum sai ta tambaye ka.

Shago ne ba lafiya. Tun Talatar da ta wuce kwamfutarka ta daina ganin faifan ajiyarta. In na kunna sai ta rubuto wai babu faifai, alhali ina jin sa yana juyawa a ciki. Duk abin da ka taɓa nuna mini na yi. Na zare katin da ke haɗa faifan da injin, na goge haƙoransa, na sauya masa rami, na duba jan layin wayar nan mai faɗi. Ko gezau. Wallahi ji na yi kamar in ɗauke ta in jefa a kogi.

Damuwata aikin Malama Rhoda ne, malamar firamaren nan ta Fadikpe. Binciken digirinta kaf yana ciki, na gama bugawa saura fitarwa, kuma ƙarshen wata za ta miƙa. Na ce to, sai in sake bugawa daga rubutun hannunta. Ashe kafin ka tafi ka kwashe takardun ka ba Iya mai ƙosai, yadda ka saba da duk abin da aka gama bugawa. Na je wurinta, ko shafi ɗaya bai rage ba. Haba Baban Sharifa, sau nawa na ce ka daina? Ita Malama na ce mata injin ne ya ɗan samu matsala, ban faɗi sauran ba.

Taka,
Saudatu

15 ga Yuli, 1996

Baban Sharifa,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Saƙonka ya iso ta hannun direba, na kira Ndatsu mai gyara kamar yadda ka ce.

Ya duba ya ce katinmu ne ya ƙone. Da ya sa wani, injin ya ga faifan amma ya ƙi buɗe shi. Na faɗa masa, na maimaita, abin da ke ciki ya fi injin muhimmanci. Daga nan na shiga yin la'asar. Ina fitowa na tarar da shi yana murmushi, wai ya wanke faifan daga tushe, yanzu komai na tafiya daidai. Ya goge duk abin da ke ciki tas, kamar ranar da aka sayo shi. Har yana jira in yaba masa. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba.

Kafin magariba labari ya kai wa Malama Rhoda cewa kwamfuta ta tashi. Ta zo da ƙunshin farar takarda don a fitar mata da aikinta, da lemo a leda na Sharifa, tana ta yi mana addu'a. Na karɓi lemon, na ce ta dawo ranar Asabar.

Ka nemi izini ka taho. Ba ni kaɗai zan kalli idon matar nan ba.

Matarka,
Saudatu