Dorina Ta Ajiye Lamba Huɗu

Lahadi, 22 ga Yuni

An gama kakar ƙwallo ta bana. Ƙungiyar Dorinar Binuwai ba ta faɗa rukuni na biyu ba, kuma mijina, Abban Zainabu, ya fito daga fili da ƙafafunsa. Alhamdulillah. Duk lokacin da ƙwallo ta tashi sama ya bi ta da kai, rufe ido nake yi. Matar da ke gefena ta ɗauka addu'ar nasara nake. Ni addu'ata daban.

Tun da suka yi karon kai da wani ɗan wasan Douala a watan Maris, mijina bai koma daidai ba. Ni kaɗai na sani. Ko kuma haka nake faɗa wa kaina.

Alhamis, 3 ga Yuli

Hutu gare ni daga makaranta, hutu gare shi daga fili. Muna gida tare kamar sabbin aure. Ya gyara ƙofar kicin.

Da rana ya sa na rufe labule, wai hasken yana sukar idonsa. Ya tambaye ni ko Zainabu ta ci abinci. Na ce ta ci. Can ya sake tambaya. Na sake cewa ta ci, da murya ɗaya da ta farko, don kar ya gane.

Talata, 15 ga Yuli

Koci Léandre ya fara tankaɗe. Kowa ya san haka ake yi in kaka ta ƙare: wasu a riƙe, wasu a sayar, wasu a ce musu merci, wato an gode, a sallame su. Yau André mai tsaron gida aka sallama. Matarsa ta zo nan ta yi kuka har ta jiƙa min kafaɗa. Ina lallashinta, ina ba ta zoɓo mai sanyi, a raina kuwa, Allah Ya yafe min, kishinta nake ji. Nata mijin zai tsufa da hankalinsa.

Abban Zainabu shekararsa talatin da huɗu. Ya ce, "Saleh ya fi ni gudu yanzu. Ni ne na gaba." Saleh yaron Yagoua ne, shi ma ɗan baya, dogo kamar giginya. Na ce Allah Ya zaɓa mafi alheri. Na shiga ɗaki na yi murmushi ni kaɗai.

Asabar, 26 ga Yuli

Ba haka ta kasance ba.

An sayar da Saleh ga wata ƙungiya a Yaoundé. Prezidan, shugaban ƙungiya, da kansa ya kira Abban Zainabu, ya ce baya ba kowa yanzu sai shi, za a sabunta masa kontira, wato kwantiraginsa, shi ne kapiten. Ya shigo gida da gasasshen kifi daga bakin gada, yana ɗaga Zainabu sama, yana cewa, "Babanki bai ƙare ba!"

Na ci kifin. Ban ji ɗanɗanonsa ba.

Kafin a sa hannu sai an yi visite, wato gwajin lafiya, a wajen Dokta Cécile, likitar ƙungiya. Gwiwa take dubawa, da zuciya, da numfashi. Kai kuwa, sai abin da mutum ya faɗa mata.

Laraba, 30 ga Yuli

Na yi masa magana. Na jira ya ci ya ƙoshi, na ce, "Abban Zainabu, ka gaya wa likita zancen ciwon kan nan."

Ya ce gajiya ce.

Na ce, "Da mantuwar fa?"

Ya ajiye kofi. "Hidaya, ke malama ce a aji, ba a gidana ba. Tun ina ɗan shekara sha shida nake tare ƙwallo da kan nan. In na bari me zan zama? Mai zaman benci a ƙofar shagon wani?"

Ya fita bai yi sallama ba.

Juma'a, 1 ga Agusta

Ba ya magana sai gaisuwa. Ruwa tun safe.

Litinin, 4 ga Agusta



Ya ɗauki Zainabu a moto, babur ɗinsa, zai kai ta wajen Hajiyarsa a Yelwa, gidan da aka haife shi. La'asar ta wuce, Hajiya ta kira tana tambaya ina suke. Wayarsa na nan kan gado. Na fita ba mayafin kirki, na tsaya bakin titi kamar mahaukaciya.

Suka dawo dab da magariba, lafiya ƙalau. Na rungume yarinyar har ta ce ina matse ta. Ita ce ta faɗa min ina wanke mata ƙafa: "Mama, Abba ya ɓata. Mun yi ta zagaye. Ya tsaya gindin bishiya ya ce in nuna masa hanya, ni kuma ban sani ba. Sai wani mai moto ya ce mu bi shi."

Shi kuwa ya daɗe a kan darduma.

Sun dawo. Wannan kawai nake ta maimaitawa. Sun dawo.

Laraba, 6 ga Agusta

Na yanke shawara jiya. In ya ƙi ni, ya ƙi ni. In ya ce na tona masa asiri, na tona. Da safe bayan ya fita na kai Zainabu maƙwabta, na hau moto zuwa kilinik ɗin Dokta Cécile. A hanya ina ta shirya maganata da Faransanci don kar ta kuɓuce min.

Ina shiga baranda na gan shi. Yana zaune a kan benci tsakanin wata mai ciki da wani tsoho, hularsa a hannu.

Muka kalli juna. Ya ce, "Kin zo kai ƙarata?"

Na ce, "Eh."

Ya ce, "Kin makara. Na riga ki." Ya matsa ya ba ni wuri.

Na zauna. Kuka ya zo min, dariya ta zo min, na rasa wanda zan fara. Tsohon nan ya tambaya da Fulatanci ko lafiya. Abban Zainabu ya ce masa, "Jam, Baaba. Matata ce."

Tare muka shiga. Ya faɗa mata komai, har da abin da ban sani ba: wai a wasan ƙarshe, bayan hutun rabin lokaci, sai da ya tambayi André wace raga ce tamu. Dokta ta ajiye biro. Ta ce, "Hashim, tun yaushe kake ɗauke da wannan kai kaɗai?" Ya nuna ni da haɓa, ya ce, "Ba ni kaɗai ba."

Talata, 19 ga Agusta

An yi hoton kai, an yi gwaje-gwaje. Dokta ta ce ba jini, ba ƙari. Ta ce da hutu da magani akwai sa ran abubuwa da yawa su daidaita, amma ba za ta yi mana alkawari ba. Abu ɗaya ta tabbatar: ba za ta sa hannu ya sake buga ƙwallo ba. Karo ɗaya nan gaba zai iya zama wanda ba a tashi daga shi.

Prezidan bai ji daɗi ba. Ya aiko a ce a nemi wani likitan, wai kaka ɗaya ce kawai. Na ji tsoro sosai, don na ga idon mijina ya yi haske da ya ji saƙon.

Alhamis, 21 ga Agusta

Koci Léandre ya zo gida. Bai taɓa zuwa ba. Ya ƙi kujera, ya zauna kan tabarma. Ina kicin amma ina ji.

"Ina buƙatarka fiye da kowa, mon capitaine. Ba ni da ɗan baya. Amma na gaya wa Prezidan, ko likita goma sun sa hannu, ba zan saka ka ba. Ka ji haushina in kana so."

Sai na ji Abban Zainabu ya ce, "Akwai wani yaro a Pitoa, Abakar. Ƙafar hagu. Ba shi da tsoro, amma yana barin mutumin da aka ba shi ya tsare. Ka duba shi."

Na ƙona miya. Ban damu ba.

Alhamis, 11 ga Satumba

Sun sanar a hukumance. Dorina ta sallami mutum bakwai, ta ɗauko tara, cikinsu har da Abakar ɗin. Shi aka ba lamba huɗu, lambar Abban Zainabu.

Abban Zainabu wasu ranakun lafiya lau, wasu ranakun ya zauna ya zuba wa bango ido. Ciwon kan ya ragu. Moto dai an hana shi tukuna, abin yana ci masa rai. Yayana Ridwan ya ce ya zo su riƙa zuwa Mayo-Oulo tare, sayen albasa da gyaɗa, shi Yaya zai tuƙa. Na zaci zai ƙi. Ya ce zai gwada.

Ina barci yanzu. Barci sosai, har Zainabu ce ke tada ni.

Lahadi, 9 ga Nuwamba

An buɗe sabuwar kaka. Abban Zainabu yana Mayo-Oulo tun jiya, da gangan na sani, don kar ya ji ihun filin daga gida. Ya kira da safe yana min ƙorafin tsadar buhu kamar wanda aka haifa a kasuwa.

Ni kuma ina gyaran makin yara. Na kunna rediyo don labarai kawai. Ban san yadda aka yi ya tsaya a tashar wasa ba.

An bugo kwana, Abakar ya bar mutuminsa, aka ci mu. Sai ji na yi na miƙe tsaye, takardu sun zube, ina cewa, "Kai yaro! Wa ya ce ka bar shi? Da Hashim ne..."

Zainabu ta tsaya tana kallona da baki buɗe. Na ce mata sauro ne ya cije ni.

Mun rama a ƙarshe, ɗaya da ɗaya. Ba zan gaya masa na saurara ba. Amma in ya dawo, ko da wasa, sai na ce ya je ya yi wa yaron nan magana.