Ɗakin Sama da Sunan Khal Baraka

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ni ne Baraka ɗan Ɗanmalam, mutumin Kazaure, mazaunin Riyad. Da bakina nake faɗin wannan magana, maƙwabcina Malam Almustafa, ɗan Nijar da ke karatu a jami'a, yana rubutawa, don ni ban taɓa riƙe alƙalami ba. Abokina Abduljalil na zaune shaida. Ƙafafuna sun kumbura, likita ya ce ƙoda ta gaji, amma kaina garau yake. Kada wani ya zo daga baya ya ce ciwo ne ya yi magana. Na ce a rubuta da Hausa. Wanda Hausa ta yi wa nauyi a cikinku ya nemi mai fassara, yadda ni ma nake nema kafin in ji abin da jikokina ke faɗa a cikin gidana.

Zuwa ga 'ya'yana uku, Basiru, Bilƙisu da Sadiƙ.

Na ɗaya. A binne ni a nan, ƙasar da aka binne uwarku Ruƙayyatu. Kada a wahalar da gawata zuwa gida. Basiru da Abduljalil ne za su yi mini wanka. Sadiƙ, in ka zo, ka tsaya a sahu kamar kowane Musulmi, amma kada hannunka ya taɓa likkafanina.

Na biyu. Gonar Kazaure da gidan ƙasa na kusa da marina, a raba yadda Allah ya raba. Ba ni da ikon hana kowa. Da an bar mini rabon a hannuna, da akwai wanda ko karan dawa ba zai gani ba, amma ba a bar mini ba.

Na uku. Ba na bin kowa, ba a bina. Keken guragun nan na Abduljalil ne, na marigayiyar matarsa, a wanke shi a mayar masa.

Na huɗu. Usur ɗina na ƙarfe, a ba jikana Amir, ɗan Basiru. A faɗa masa daga ina ya fito, tunda baffansa Sadiƙ ya cika masa kunne da wani labari daban.

Kamfanin shara ne ya kai ni makarantar firamaren gwamnati ta maza, can kudancin gari, kan hanyar Masana'antu ta Biyu. Da tsintsiya na fara, na ƙare a bakin ƙofa ina tsallakar da yara titi da usur ɗin nan. Gashina baƙi na shiga, fari na fito. Yaro ko ɗaya mota ba ta taɓa bugewa ba a hannuna. Yara, malamai, har mudir, wato shugaban makarantar, kowa “ya khal” yake ce mini. Tun ina sabon zuwa na tambayi wani mai karatu, ya ce khal shi ne ɗan'uwan uwa, kawu ke nan. Akwai wani Bayamane, ɗan ƙasar Yaman, fari mai kantin makaranta, shi “ya amm” suke ce masa, wato baffa. Na ce to, ni suka fi so, don kowa ya san yaro ya fi sakewa da kawunsa. Na ɗauki muryata a kaset na aika Kazaure, na ce Inna, 'ya'yan Larabawa sun mai da ni kawunsu. An ce sai ta tara maƙwabta ta kunna musu, ta sake juyawa ta kunna. Da wannan farin cikin ta koma ga Allah.

Na biyar. Sadiƙ, wannan taka ce, kuma doguwa ce.

Basiru bai yi nisa a karatu ba, Bilƙisu ta yi abin da ta yi. Kai ne na tsaya a ƙofar ofishin mudir, tsintsiya a hannu, na roƙa har aka rubuta sunanka. Me ka saka mini da shi? Kullum da safe yara na wucewa suna ta “ya khal, ya khal”, suna dariya, ina ɗaga musu hannu, kai kuwa sai ka sunkuyar da kai ka bi jikin bango kamar ba ka san ni ba. Tun lokacin na gane kunyar tsintsiyata kake ji. Ranar da ka ciji wani yaro a kunne a bakin ƙofata, na kai ka gaban mudir na zane ka da tiyon ban-ruwa har sai da shi da kansa ya riƙe hannuna. Ban tambaye ka dalili ba, don ba a tambayar dalilin cizon ɗan mutane a ƙasar mutane. Ko yau ka sake, in da ƙarfi a hannuna, haka zan yi.

Ka gama sakandare, jami'ar nan ba ta buɗe maka ba, na tura ka Kano wurin ƙanen uwarka. Ka dawo da takarda, ka zama ustaz. Da safe kana koyarwa a makarantar kuɗi ta baƙi, da yamma ka roƙe ni ɗakin sama, ka ce za ka tara yaran unguwa da aka sallamo daga makaranta saboda iƙamar iyayensu, wato takardar izinin zama a ƙasar, ta mutu. Na ba ka. Ka cika mini bene da takalma da hayaniya, na haƙura.

Abin da na kasa haɗiyewa shi ne wa'azinka. Kullum a kan tabarmar cin abinci: wai yaro yana zama inda malami ya ajiye shi, kuma yana zama abin da malami ya zata. Wai kai da sauran baƙaƙe a bencin baya aka jera ku, ka ɗaga hannu har ya gaji ba a kira ka ba, amma ranar gasar gudu sunanka ne farko a bakin malami. Wai akwai malami ɗaya da ya taɓa dawo da kai gaba ya ce ka fito allo, kuma saboda shi kaɗai ka zama malami. Wai yaro bai san iƙama ba, bai san kafil mai tsaya wa baƙo ba, don me za a hukunta shi da takardar ubansa. To, ni na share azuzuwan nan da hannuna. Bencin baya katakonsa ɗaya da na gaba. Fankar ma ta fi kaiwa baya. Mutum ya zo ƙasar wasu, an ba ɗansa benci kyauta, sai ya tsaya auna nisansa da allo?

Sai ranar Babbar Sallah. Mutanen Kazaure na Riyad duk suna falona, an ajiye kabsa, shinkafar Larabawa, da naman layya. Amir ya shigo da tabo a leɓe, aka ce tun kafin hutu ya yi dambe da wani yaro don ya kira shi khal. Na jawo shi na ce kai wawa ne, sarautar kakanka aka ba ka, ka rama da duka? Mutane suka yi dariya. Kai ba ka yi ba. Ka ajiye cokali, a gaban abokaina, a gaban surukina, ka ce:

“Baba, ba kawu suke nufi ba. Baƙar fata suke nufi. Shi ya sa na ciji yaron nan.”

Abduljalil ya dubi tabarma. Wanda ya fi kowa surutu ya tashi wai zai duba motarsa. Daga ranar ban ƙara zuwa majalisarmu ta unguwar Dira ba, inda muke shan shayi bayan la'asar tun kafin a haife ka. Ka ɗauki aikin rayuwata gaba ɗaya, da gaisuwar kowace safiya, da kaset ɗin Inna, ka zuba a kwata a gaban jama'a, sannan ka koma ka ci gaba da cin shinkafata. Daga baya ka zo ka durƙusa, ka ce don Amir ka faɗa, kada ya tashi yana zaton laifinsa ne, wai malami ba ya barin yaro a kan kuskure. Amir ɗan shekara nawa ne? Yana da lokacin mantawa. Ni fa?

Na shida. Ɗakin sama. Gidan nan haya ne, ba gado ba, kuma na riga na mayar da hayar sunan Basiru a wurin mai gida, saboda haka kada wani malami ya kawo mini maganar shari'a. Makullin yana hannun Basiru.

Sadiƙ, ga sharaɗina. Kafin a tashi daga zaman makokina, ka tsaya a gaban mutanen da suka ci naman Sallar nan, ka ce abin da ka faɗa mini ƙarya ne, khal kawu ne, girmama ni ake yi. Sannan ka hau sama ka faɗa wa ɗalibanka haka, Amir na zaune a gaba. Ka rubuta musu a allo, tunda ka ce abin da malami ya rubuta shi yaro ke riƙewa. In ka yi, ɗakin naka ne muddin gidan na hannunmu, kuma na yafe maka duniya da lahira. In ka ƙi, Basiru ya sauko da allon da bencinan, ya zuba tayoyin da yake sayarwa, ya kulle. Basiru, na san zuciyarka da taushi. In ka buɗe masa ba tare da sharaɗin ba, ban yafe maka ba kai ma.

Malam Almustafa ya ajiye alƙalami a nan. Na tambaye shi, a littafi mene ne khal? Ya ce ɗan'uwan uwa. Ya buɗe baki zai ƙara, na ce littafi na tambaye ka. Abduljalil ya ji. A rubuta.

Na bakwai. Bilƙisu, na san 'yarki Khairat tana cikin yaran saman nan tun da iƙamar mijinki ta maƙale a hannun kafil, makaranta ta ce ta dawo in takarda ta fito. Kin zo kin yi mini kuka, kin ce yarinyar ta fara haɗa baƙi, in ji tausayin yara. Na ji. Kukan ki kai wa ƙanenki. Shi ne malami, shi ya ce yara sun fi komai. Magana ce ba ta kai numfashi biyu ba. Mu ga ko yaran sun fi bakinsa. Keken ɗinkin uwarki da akwatin turarenta naki ne.

Abin da ya rage, ku ji tsoron Allah, ku riƙe salla, ku sabunta takardunku kafin su mutu, kada ku ɗaga murya a ƙasar da ba taku ba. Basiru, Allah ya yi maka albarka, ya buɗa kasuwarka. Bilƙisu, Allah ya yi miki albarka, ya raya abin da kika haifa. Sadiƙ, taka albarkar tana sama tare da allonka, ka san yadda ake buɗe ƙofar.

Kada ku watse bayana. Kowace Juma'a ku taru a falon nan ku ci daga tire ɗaya, yadda uwarku ta saba muku. Ko Sadiƙ ya ƙi sharaɗina, kada ku kore shi, jininku ne. Ku ba shi wuri a baya. Ya saba.

Na gama. Allah ya karɓi baƙuncina. Wanda zai yi mini addu'a ya ambace ni da sunan da aka san ni da shi a bakin ƙofa.

Mahaifinku,
Khal Baraka