Ɗiyata Ce Ta Nemi a Cire Aikina

Hajiya Gimbiya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da aiki, ina gaida iyali. Don Allah ki taimake ni da shawara. Akwai wasiƙa da na rubuta yau kwana tara, tana nan cikin kwamfutata, na kasa aikawa, na kasa gogewa.

Shekarata sittin da bakwai. Ina cikin na farko daga yankinmu da aka tura waje karatun kwamfuta, lokacin da waɗanda suka taɓa ganin ta da ido a Talata Mafara ba su kai mutum goma ba. Na dawo da digiri biyu da dogon buri. Yau takardun suna cikin akwatin ƙarfe, gara ta cinye gefen ɗaya. Ba wannan ya kawo ni ba, amma gara ki san da wa kike magana.

A ofishin noman rani da na yi aiki an kawo wata babbar na'ura a 1991. Ni na rubuta mata tsarin rabon ruwa: wace magudana za a buɗe, wace rana, awa nawa, tun daga gefen Maradun har gonakin Bakura. Shekara goma sha tara ina zuba mata ruwan saman da aka yi, da ranar shuka, da abin da aka girba. Sai na'urar ta mutu, kuma an daina ƙera irinta. Kowace kwamfuta tana da ƙwaƙwalwa da ake kira firosesa, kowane iri da yarensa, abin da aka rubuta wa wannan ba ya aiki a kan wancan. To akwai wata manhaja da masu sa-kai daga ƙasashe daban-daban suke haɗuwa su rubuta kyauta, kowa yana iya buɗe cikinta ya gyara. Aikinta shi ne ta sa sabuwar kwamfuta ta kwaikwayi tsohuwa. Ɓangaren da ke kwaikwayon irin na'urarmu na tarar da shi a lalace. Wata bakwai na yi ina zuwa shagon intanet a Gusau har na tashe shi. Suka sa sunana a matsayin mai kula da shi. A duk duniyar nan, nan kaɗai ne aka rubuta sunana saboda abin da na iya.

Watan jiya aka fitar da sanarwa a zauren intanet da muke musayar saƙo. An ce ɓangarena ya tsufa, ba mai gwada shi, yana hana sauran aiki ci gaba, kuma masu amfani da shi ba su kai biyar ba. Za a cire shi nan da mako shida, sai fa in mai kula da shi ya fito ya ce zai ci gaba da ɗaukar nauyinsa. Na duba sunan wanda ya rubuta. Hajiya, ɗiyata ce ta fari.

Ba zan rubuta sunanta ba, kin san al'adarmu, ban taɓa kiran shi da bakina ba. Tun yaye ƙanwata Taibatu ta ɗauke ta ta riƙe a Bakura, shi ya sa a makaranta aka rubuta ta da Bakura, ni kuwa da Mafara aka san ni. Ba wanda ya san alaƙarmu a wannan zauren. Yarinyar ta karanci abin da na karanta, tana aiki a Abuja, ta shiga cikin masu sa-kan har ta wuce inda na kai. In ta zo gida sai ta durƙusa daga bakin zaure ta gaishe ni, in amsa ina kallon wani wuri. Ba mu taɓa yin hirar kwamfuta ba ko sau ɗaya.

Zan faɗi gaskiya tunda ba ki ganina. Tun lokacin da aka rufe layukan waya a jihar nan na saki aikin, da aka buɗe ban koma sosai ba. Yanar ido ta fara rufe min ido ɗaya. Sau biyu Taibatu ta zo min da saƙo, wai yarinyar tana tambaya ko har yanzu ina iya duba abin nan na kwamfuta. Na ce ta gaya mata ba da ita na fara ba. Manoman da ke zuwa tambayata ma sun ƙare. Saura Maiwada na Faru, shi ma bara ya ce min, Malam, ka daina gaya min ranar shuka, ka gaya min ranar da zan iya isa gonar in dawo da raina.

Amma ciwon yana nan. Ofis ya sallame ni ba ko takardar godiya. 'Yan ajinmu da ba su iya rabin abin da na iya ba sun zama manya. Abu ɗaya ya rage, shi ma jinina ne zai share shi, a gaban baƙi, da Turanci mai laushi. A wasiƙar da na rubuta na ce ban yarda ba. Na ce masu wannan shawara yara ne da ba su san darajar na gaba ba. A ƙarshe na ce duniya ta sani, wadda ta kawo maganar ɗiyar cikina ce. In na aika, za su ji kunya su bar min ɓangarena. Na sani. In aika?

Tsohon Injiniya, Talata Mafara

*

Wa alaikumus salam, Baba.

Kada ka aika. Ka goge ta yau.

Ba na raina ciwonka. An yi maka rashin adalci a wurin aiki, kuma abin da ka gina da wata bakwai na zirga-zirga ba ƙaramin abu ba ne. Ita ma tana da nata laifin. Da Taibatu ta dawo mata da amsa mai zafi, ya kamata ta hau mota ta zo, ko da za ta yi maganar tana kallon ƙasa. Uba bai kamata ya ji irin wannan a bainar jama'a ba.

Amma Baba, ka sake karanta wasiƙarka. Kai ka ce ka saki aikin. Kai ka ce idonka ya raunana. Kai ka ce sau biyu aka tambaye ka. Waɗannan mutane ba biyansu ake yi ba, kuma duk gyaran da suka yi sai sun tsaya sun tabbatar bai karya ɓangaren da mai shi ba ya amsa saƙo ba. In suka bar shi don kunya, wa zai riƙe shi? Baɗi za a sake tayar da maganar, kuma wani baƙo ne zai rubuta, ba da Turanci mai laushi ba. Ban san zuciyarta ba, amma ba zan yi mamaki ba in ta karɓi aikin ne don kada wani ya yi shi da gatse. Kuma wadda kake kira yarinya babbar mace ce da ta gina sunanta a cikin mutanen nan ba tare da ta jingina da naka ba. Shekara talatin da wani abu ba ka ce mata komai a kan aikinta ba. Kada maganarka ta farko ta zama wadda za ta kunyata ta.

Ga abin da za ka yi a makonnin da suka rage. Na tambayi wani masanin harkar, ya ce cire shi daga sabuwar fitowar manhajar ba ya kashe tsohuwar. Ka sauke ta ƙarshe da ke ɗauke da ɓangarenka daga intanet, ka ajiye a wuri biyu. Sannan ka fitar da bayanan shekara goma sha taran nan zuwa rubutu mai sauƙi da kowace kwamfuta ke karantawa, ka buga kwafi a takarda. Su ne dukiyar, ba na'urar ba. Idonka ba zai iya wannan shi kaɗai ba, kuma ka san wadda za ta iya. Ka aika Taibatu ta ce mata kana nemanta da kwamfutarta. Ba sai ka kira sunanta ba, kujera biyu kawai za ka sa a zaure. Bayan haka ka rubuta wa zauren masu sa-kan layi uku da hannunka: ka amince, ka gode, ka sauka. Ka kuma je a duba maka idon, yanar ido ana cire ta.

Ba zan yaudare ka ba. Za a cire ɓangaren, sunanka zai fita daga jerin masu kula, kuma ranar za ta yi maka ɗaci ko me na faɗa. Wannan hasarar ba ka da ikon hana ta. Ta biyun, hasarar ɗiyarka, hana ta yana hannunka.

Allah ya ba ka lafiya, ya sanyaya maka zuciya, ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara.

Hajiya Gimbiya