An Mayar da Na'urar Baranda

Yaya,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Inna? Ya yara da babansu? Ni lafiyata lau, tarin da kika ji a waya ba wani abu ba ne.

Sai dai ofishin nan ban yarda da shi ba. Tagoginsa ba sa buɗuwa, ga injin buga takardu a bayan kujerata yana aiki tun safe. In na goge hanci da yamma, sai farin hankicina ya yi baƙi.

Kwanaki aka kafa wata 'yar na'ura a bango, wai tana auna ƙurar da ido ba ya gani: in fitilarta koriya ce lafiya, in ja ce akwai matsala. Da injin ya tashi sai ta yi ja. Na nuna wa manaja, ya ce, "Ƙanwata, kwantar da hankalinki, za a gyara." Washegari kuwa aka gyara, aka mayar da ita baranda kusa da furanni. Tun ranar ba ta sake yin ja ba.

Shi kuma manajan ba ya shigowa ɗakinmu sai da takunkumi, wai mura yake yi. Murar da ba ta kama shi sai a bakin ƙofarmu!

Don Allah ki aiko min da zuma saboda maƙogwaro, amma kada Inna ta ji. In ta matsa, ki ce an auna iskar wurinmu, an ce lafiya lau. Ba ƙarya kika yi ba.

Allah Ya bar mu tare.

Ƙanwarki,
Auta