Giyar Baban Rifkatu

Laraba da dare, Gorton

Yau Baban Rifkatu ya yi mini faɗa, ni kuwa har yanzu murna nake yi.

Tun da stroke ɗin nan, ciwon shanyewar ɓarin jiki, ya kwantar da mijina a asibiti, "i" da "a'a" kaɗai ke fita daga bakinsa. Giyar da ya haɗa kafin ya faɗi tana nan a bokiti ƙarƙashin bene, na kasa zubarwa. Da safe na ɗiba a kofi, ta gurɓace kamar kunun zaƙi, na ɗauki hoto don in sami abin yi masa hira.

Da na nuna masa, ya daɗe yana kallo, ya ɓata rai. Bakinsa ya yi ta rawa, sannan ya ce, "Saratu, ba ki sa gelatin ba."

Har da sunana! Na ce, "Baban Rifkatu, yaya ake sawa?" A hankali, yana tsayawa yana hutawa, ya ce in jiƙa garin nan mai tace giya a ruwan sanyi, in ɗumama kada ya tafasa, in zuba, in kai bokitin waje mai sanyi dattin ya kwanta. Nas ta tsaya a bakin ƙofa tana murmushi.

Na kira 'yarmu a Birmingham, muka yi ta kuka a waya.

Likita ba zai bar shi ya sha ba, na sani. Duk da haka na zuba gelatin ɗin a giyar, na kai bokitin gareji. Gobe zan koma da sabon hoto, Allah ya sa ya sami wani kuskuren.